Gwanin Wuta a Gidan Casar Shinkafa

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya mai da Kadawa da Kura da Bunkure ƙasar shinkafa rani da damina. Sai dai shanshera ba ta zama kuɗi sai ta bi ta injin casa. Masu injina sun fi kuka da ɗaukewar wuta, alhali wadda ke cin jari a ɓoye ita ce wutar da ta zo ba ƙarfi, ko ta zo a karkace.

Babban moto layi uku yake sha, kimanin bolt 400 tsakanin kowane biyu. In wuta ta yi ƙasa, nauyin da yake ja bai ragu ba, don haka sai ya ƙara zuƙa, koyil ya ɗau zafi. A lissafin injiniyoyi, ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanan rufin waya. Mafi muni shi ne fiyus ɗaya ya ƙone a taransfoma: ƙwan fitila yana ci, inji yana juyawa da layi biyu, kowa na ganin lafiya lau, can sai ƙauri ya tashi.

Gwanin wuta tun daga bakin ƙofa yake jin gurnanin moto ya sauya. Ya ɗora bayan hannu a jikin moto, sannan ya maƙala mitarsa a wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya san bambancin kashi 1 cikin 100 a ƙarfin layukan kan haifar da ninkinsa shida zuwa goma a abin da moto ke zuƙa. Maganin wani lokaci ba ya cin ko sisi: fitilu da fankoki da famfon ruwa da aka jibga wa layi guda, ya rarraba su. Sannan ya nace a sayi 'yar na'urar da ke kashe inji da zarar layi ya ɓace, ko da maigida zai yi ta mita a kan kuɗinta.

Ƙorafin maigida ba shi da tushe. Naɗin sabon koyil jan ƙarfe yake ci, ga kwanakin zaman banza ana biyan ma'aikata, ga 'yan kasuwa sun kwashe buhunansu zuwa injin maƙwabci a tsakiyar kaka. In aka koma janareta kuma, dizal ya cinye ribar buhu tun kafin a ɗinke bakinsa.