Runduna a Tafin Hannu

Idan aka watse daga hawan sallah a Rano, ba a rasa ganin yara a garuruwan kewaye, irin su Madachi da ƙauyukan hanyar Kibiya, sun tsuguna bakin kududdufi suna kwaɓa yumɓu. Doki suke ginawa. Su ɗora masa mahayi, su yago ƙyallen atamfa su yi masa jalala, wani ma ya daka gawayi ya shafe dokin don ya zama akawal. A wasu ƙasashe, wannan wasa na yara ya girma ya zama fasahar da dattawa masu furfura ke raba dare a kanta.

Tushenta a wajen soja yake. A 1824 wani hafsan ƙasar Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi a kan taswira don horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba 'yan sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi arha, suka shiga gidaje. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya tsara yadda za a kara da su. Yau masu wannan sha'awa kan shimfiɗa tebur, su kafa masa duwatsu da rafuka da ganuwa, su jera runduna biyu, su auna tafiyar kowace da ma'auni, su sake buga yaƙin da tarihi ya ba da labari. Galibi tsayin kowane soja milimita 28 ne, ko ma 15. Daga masana'anta yakan fito tsirara, launin dalma ko na roba. Mai fenti ne ke sa masa rai.

Abin da ya sa nake jinjina wa gwanayen nan shi ne sun gane wani abu game da ido. Babbar riga a jikin mutum, rana ce ke zuba mata inuwa a cikin ninki, ta haska kafaɗa. A jikin ɗan sojan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ninkin bai kai zurfin da zai riƙe inuwa ba. Dole mai fenti ya zana inuwar da hannunsa, ya zana hasken ma. Wanda bai san haka ba zai shafa shuɗi a riga, ja a hula, ya ja baya ya ga abu ya fito a daskare, ya rasa dalili.

Gwani yakan fara da wanke ɗan sojan da sabulu, ya kankare layin zubi da bakin aska, ya liƙa shi a kan murfin kwalba don kada yatsa ya taɓa shi. Sai shimfiɗar farko, baƙa ko fara ko ruwan toka, wadda sauran fenti zai kama. Daga nan sai babban darasi, wato tsinka fenti da ruwa har ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin mai kauri cike ƙananan zane yake yi, ya binne ɗinkin riga da zoben linzami. A ƙasarmu akwai ƙarin wahala: da hunturu, fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jikin aiki. Maganinsa jiƙaƙƙen soso a cikin faranti, a ɗora masa takarda, a riƙa ɗiga fentin a kai.

Dubi yadda ake fito da sulke. A shafe shi baƙi ƙirin, a bari ya bushe. A tsoma buroshi a fenti mai ruwan azurfa, sannan a goge shi a tsumma, a yi ta gogewa har sai ka rantse babu abin da ya rage. Sai a riƙa share sulken da shi sama-sama. Ɗan abin da ya rage a gashin buroshin yana kama bayan zobba kawai, ramukan su zauna baƙi. Kana kallo zobban ƙarfe za su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin, gwiwoyin hannun mai aikin na kan tebur, wuyan hannunsa biyu a haɗe, in zai ja siririn layi sai ya riƙe numfashi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malami mai zayyanar allo ya san irin wannan natsuwa.

Farin rawani ba a fara shi da fari. Da ruwan toka ko ruwan ƙasa ake farawa, a riƙa hawa, farin sol sai a ƙololuwar naɗi. Fatar baƙin mutum ma ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Ruwan ƙasa mai duhu ne da ɗan ja a ciki, a haska goshi da karan hanci da ƙashin kunci. Amma inda ake gane gwani na gaske shi ne rawani ɗan Kura, wanda aka rina da baba, mabuga suka buge shi har ya ɗauki sheƙi. Baƙi ne ko shuɗi? Duka biyun, kuma in rana ta doke shi har wani ja-ja yake yi. Sai an shimfiɗa shuɗi mai duhu sosai, a bi bakin kowane ninki da shuɗi mai haske gauraye da ɗigon ja, a ƙarshe a ɗan taɓa shi da mai sheƙi, alhali sauran jikin an bar shi a dushe. Wanda bai taɓa ganin rawanin da idonsa ba, da wuya ya dace.

A nan ne muke da abin da wasu ba su da shi. Kamfanin Perry Miniatures na Ingila yana zuba mayaƙan Mahadi na Sudan, masu fenti a Turai kuwa sai sun bi hotuna da gidajen tarihi kafin su san yadda lifidi yake. Mu kuwa yana wucewa ta gabanmu duk sallah, a hawan da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2024. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi da sulke da kwalkwali suka shigo. Yaƙe-yaƙen da za a jera a tebur ma ga su nan a ƙofar gida: hare-haren Ningawa a kudancin Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, basasar Yusufawa da Tukurawa da ta ɓarke a 1893, da karon Bebeji a farkon Fabrairun 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta nufo Kano daga Zariya. Mai son ya fenta waɗannan sai ya bambance ɗan lifidi da ɗan baka, ya san kili da hurde da danda da gunya, ya san inda majanyi ke bi da inda labbati ke zama. Tsoho ɗaya a bargar hakimi zai koya masa wannan a yini guda.

Hannu kuwa ba ya faɗawa sai da yawan yi. Gwanaye kan jera sojoji goma, su yi wa dukkansu riga, su dawo su yi wa dukkansu fata, don hannu ya maimaita motsi ɗaya har ya saba. Ba sa ɓata lokaci a kan ƙwayar ido, tunda daga nisan kamu ɗaya ba a ganin ta. In an gama, a shafa gam a gindin da sojan ke tsaye, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa da guntun busasshiyar ciyawa, sannan a bi jikin duka da man kariya marar sheƙi, saboda yatsun 'yan wasa za su yi ta ɗaukarsa suna ajiyewa.