Muryar Narambaɗa Daga Cikin Rijiya

A wani dare ina zaune a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, na kunna Bakandamiyar Narambaɗa a waya, sai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ɗalibin injiniya, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wai wannan tsohon daga cikin rijiya yake waƙar ne?" Na ji haushi ƙwarai, amma da na kwanta na sake saurare sai na ga bai yi ƙarya ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ɗan yi sharhi a kan wani abu da mu ɗaliban Hausa ba mu cika kula da shi ba, watau yadda aka ɗauki muryoyin manyan makaɗanmu, da kuma halin da muryoyin suka iso kunnenmu a ciki.

Mai karatu ya tuna cewa Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya rasu tun farkon shekarun 1960. Bai bar mana rubutu ba. Duk wani nazari da ake yi masa a jami'o'inmu, daga aikin aji har zuwa kundin babban digiri, a kan abin da na'ura ta kama yake tsaye. To, kwafin da ke yawo a wayoyinmu kuwa jikan jika ne. An juyo shi daga faifai ko zaren rikoda zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sa'an nan aka zuba shi a kwamfuta aka matse shi don ya yi sauƙin turawa. Kowace juyawa ta kaset tana ƙara wannan ƙara mai kama da yayyafi a kan kwano, tana kuma cinye siraran sautuka. Idan kuwa batirin rikodar mai juyawa ya yi sanyi, to gudun waƙar ya sauya ke nan har abada, muryar dattijo ta koma ta saurayi.

Wani zai ce ai daɗin ji ne kawai ya ragu. Ba haka ba ne. Siraran sautukan nan da ke fara mutuwa su ne ke rarrabe "s" da "sh" da "ts", kuma idan amo ya dusashe, kunne yakan kasa raba "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Ƙara da cewa Narambaɗa da Hausar ƙasar Gobir da Zamfara yake waƙa, inda ake cewa "anka" da "munka" da "shina", ga tsofaffin kalmomin dawaki da na yaƙi waɗanda Bakano na yau bai taɓa ji ba. A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin rubuta ɗiya uku na wata waƙarsa. Mu biyar muka zauna, muka maimaita layi ɗaya har wayar ta ɗauki zafi, muka tashi da kalmomi uku daban-daban a gurbi guda. Ɗaya daga cikin ukun, da ita ce daidai, da yabo ya zama zambo. Har na fara tsara sakin layi guda a kan "habaicin" da na gano! Wani dattijo mai gadi, mutumin wajen Shinkafi, shi ya fitar da mu. Sau ɗaya ya saurara ya faɗi kalmar, ya kuma yi mana dariya son ransa. Tun ran nan nake tambayar kaina yawan habaicin da aka "gano" a kundayen ɗalibai wanda a gaskiya aikin tsohon kaset ne.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓi guda ɗaya in bar saura, wannan ta cikin rijiya zan ɗauka. Dalili kuwa shi ne na'urar ta kama abin da ya fi muhimmanci. Da ji ka san jagora da 'yan amshi da makaɗan kotso duk wuri ɗaya suke, suna kallon juna, lokaci ɗaya aka ɗauke su. Muryarsa tana kusa, ta 'yan amshi tana ɗan nesa, saboda haka idan ya yanke magana suka karɓe, sai ka ji kamar fili ya buɗe a bayansa. Kotson ya rasa ƙarfinsa na ƙasa, gaskiya ne, amma hawa da saukarsa suna nan, kana jin hammata tana matse tsarkiya tana saki. Ga kuma natsuwar mutumin, ba ya gaggawa, ba ya ihu. Yayyafin kaset bai iya taɓa wannan ba.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya fi shi sa'ar na'ura, domin ya rayu har 1991. Kuma shi ne ya fi bukatar sa'ar, saboda nauyin waƙarsa yana wuyan 'yan amshi ne. Abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi bayani a littafinsa na nazarin waƙar baka na 1993, na ƙari da karɓeɓeniya, a wajen Ɗanƙwairo ne mutum zai ji shi da kunnensa. A kwafi mai kyau na waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe kana iya ware muryoyin, ga mai kauri a ƙasa, ga siririya a sama. A kwafi maras kyau duk sai su dunƙule su zama guguwa ɗaya, mai nazari ya rubuta "amshi" ya wuce, alhali rabin maganar a nan take.

Na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun kasu biyu, kuma a nan ne nake saɓa wa abokaina. Akwai na ɗakin ɗaukar murya, tas da su, kowace kalma ta fito. Akwai kuma na dandali, inda kalangu ke cika makirufo har ya riƙa tsagewa, maroƙi yana kutsowa da kirari, jama'a suna sowa. Don rubuta matani na farkon sun fi. Amma Shata mawaƙin nan-take ne, idonsa na kan taro, wanda ya shigo yanzu yanzu zai shiga waƙa. A ɗaki babu mai shigowa. Bugu da ƙari faifai yana da iyaka, domin tsohon faifan garmaho mai juyi 78 wajen minti uku yake ɗauka a fuska guda, dogon faifan da ya fito a 1948 kuwa minti ashirin da 'yan kai. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa, an ce masa ga inda zai tsaya. Ni dai na dandalin nake saurare, ko da kalangun zai huda mini kunne. Ɗanmaraya Jos kuwa bai ba na'ura wahala ba. Murya ɗaya ce da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, kusan duk kwafinsa garau yake.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da tsofaffin faya-fayai masu ƙara. Enrico Caruso, mawaƙin Italiya, an ɗauki muryarsa a wani otal a Milan a 1902, tun kafin makirufo ya shigo aikin a 1925, cikin wani ƙaho yake rerawa, kuma har gobe ana saurarensa. Glenn Gould na Kanada ya kaɗa wani kiɗan Bach a fiyano a 1955, ya sake shi a 1981, ana jinsa yana bin kiɗan da bakinsa ƙasa-ƙasa, masoyansa kuma sun karɓe shi a haka. Inda suka yi mana zarra shi ne takarda. Faifansu yana ɗauke da shekara da gari da sunan kowane makaɗi. Ko faya-fayan kiɗan Hausa guda biyu da Ba'amurke David Ames ya ɗauka a shekarun 1960, aka fitar a jerin na UNESCO, suna tare da bayanin kayan kiɗa da na wurin da aka yi kiɗan. Namu fa? Sunan mawaƙi kawai, wani lokaci ma a rubuta na wani. 'Yan amshin da suka ɗauki rabin waƙar ba a ko ambace su.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu "wanke" waƙa da kwamfuta. Na sayi wani kwafi a kasuwa da aka ce an gyara shi. Lalle yayyafin ya tafi, amma ya tafi da jikin kotson, muryar Narambaɗa ta koma kamar ta mai magana a ƙarƙashin ruwa, an ɗora mata amsa-kuwwa irin ta waƙoƙin fim, sa'an nan a tsakiyar ɗa na biyu mai shagon ya shigo da muryarsa yana tallar shagonsa. Da na kai wa dattijon nan mai gadi, ya saurara kaɗan ya miƙo mini wayar, ya ce wannan ba Narambaɗa ba ne, in mayar masa da na jiya. Na goge shi a gabansa, na kunna masa na cikin rijiyar, muka zauna a bakin ƙofa har aka kira sallar Isha'i.