Miyar Taushe Ba Ta Son Gaggawa

A wani suna da aka yi a layinmu kwanan baya, an kawo waina da miyar taushe cikin manyan kuloli. Miyar ta yi ja jawur, mai ya taso a kanta, nama kuma ba a yi rowarsa ba. Da na kai loma biyu sai na gane ɗanɗanon: shi na ji a dafa-dukar gidan wata ƙawata, shi kuma na ji a farfesun wani gidan abinci a hanyar Zariya. Hannuwa daban-daban suka yi girkin, amma a baki duk abu ɗaya ne. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin taushe miya ce da a da kowane gida yake da irin tasa.

Duk mai kallon bidiyon girki a TikTok ko Instagram ya san yayin da ake ciki. A zuba nama a tukunya, a marmasa dunƙulen magi huɗu ko biyar, a bi da kori da tayim da tumatirin leda, a buɗe wuta sosai, kafin rabin awa an sauke. 'Yan mata da amare da yawa a nan suke koyon girki yanzu, kuma abin da ido ke gani shi suke ɗauka: launi da yawan kayan haɗi. Ƙamshi da nauyin romo ba sa fitowa a waya.

Gwaggona, wadda a hannunta na koyi taushe, ba ta taɓa sayen tsoka zalla don wannan miya ba. Takan ce wa mahauci ya sara mata awaza da ƙashi mai ɓargo, ya haɗa da ɗan wurin jijiya. Ta ɗora da ruwa kaɗan, da albasa da citta da daddawa dakakkiya, ta janye itace har wutar ta koma garwashi. Tukunyar ba ta tafasa da ƙarfi, sai dai ka ji tana ɓararraka a hankali ƙarƙashin murfi. Idan na matsa zan buɗe, sai ta ce, "Ke dai bar shi, ɗiyata, bai kira ki ba tukuna." Sai naman ya fara sakin ƙashi take zuba kabewa, a bar ta ta narke ta zama jikin miyar, sannan jajjagen tattasai da attaruhu, sannan markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe, ana zubawa ana shirin saukewa, don kada ganyen ya mutu ya yi baƙi.

Daga baya na fahimci dalilin abin da take yi. Jijiyar da ke jikin irin wannan nama ba ta narkewa a tukunyar gargajiya sai ta daɗe a kan wuta, kuma idan ta narke ita ce ke ba romo wannan danƙon da ke kama leɓe. Shi ya sa ragowar miyar Gwaggo takan kwana ta daskare, da safe a ɗumama ta fi ta jiya daɗi. Wuta mai ƙarfi kuwa ƙanƙance tsoka take yi ta matse ruwanta, ka sami nama mai tauri yana iyo cikin romo salam. Daga nan sai mai girki ta ji miya ba ta yi ba, ta ƙara dunƙule. Hausawa da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kai ka ce daga bakin murhu suka ɗauko maganar.

Ba na cewa dunƙule abin ƙi ne, ni ma ina jefa ɗaya. Tun 1908 kamfanin Julius Maggi na ƙasar Siwizalan ya fitar da shi, ya kuma shiga kicin ɗin duniya saboda yana sauƙaƙa aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke sa shi daɗi a harshe, wato gulutamet, akwai shi a cikin daddawa. Kalwar ɗorawa da aka dafa ta yi laushi, aka surfe ɓawonta, aka rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, ita da kanta take samar da shi, tare da ƙamshin da babu wata leda da za ta ba ka. Dunƙule kuwa kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ke nan. A lissafa dunƙule biyar, a ƙara gishirin da aka barbaɗa, a tuna da iyayenmu masu hawan jini da ke cin tuwo da wannan miya kowane dare.

Na san uzurin da za a kawo, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, gas ba ya barin a bar tukunya awa biyu a kan wuta, mace kuma ta dawo daga aiki ko makaranta a gajiye ga yara na jira. Amma akwai hanya. Tukunyar furesha tana narkar da jijiya cikin ɗan lokaci, ana kuma iya dafa naman da yawa ranar hutu a kan gawayi a raba romon kashi-kashi. Awaza da ƙashi ma sun fi tsoka araha, kabewa ɗaya kuma tana cika tukunya fiye da tumatirin kuɗinta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wurin tsohuwar da nake sayen daddawa a hannunta. Ta kwance ƙullin leda ta zaɓo min guda biyar baƙaƙe masu maiƙo, ta ƙara min ɗaya gyara. Na ce, "Inna, cikin jikokinki wa ya koyi wannan aiki?" Ta girgiza kai ta ce duk sun ce warin yana kama musu kaya, ɗorawar ma masu gawayi sun sare rabin na bayan garinsu. Na dawo gida na daka guda biyu a turmi, na ɗora awaza, na kira babbar 'yata ta zo ta tsaya kusa da ni ta fere kabewa.