Kuɗi da Tarihi a Fim ɗin Yaƙi: Sharhi a Kan "Lion of the Desert" na Mustafa Akkad

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A cikin wannan takarda za mu auna gaskiyar wannan karin magana a kan ɗaya daga cikin manyan finafinan yaƙi na tarihi, watau "Lion of the Desert", wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da sunan Umar Mukhtar. Mustafa Akkad, haifaffen birnin Halab ta ƙasar Siriya wanda ya koyi sana'ar fim a Amurka, shi ne ya shirya shi, ya kuma ba da umarni. An ɗauke shi cikin 1979, aka fara nuna shi cikin 1981. Gwamnatin Libiya ta Kanar Gaddafi ce ta ɗauki nauyinsa, a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 35.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, waɗannan maƙudan kuɗi sun saya wa fim ɗin gaskiyar abin da ido ke gani, amma kuma su ne suka sa aka yi shiru a kan ɗariƙar Sanusiyya, wadda in babu ita, ba a iya fahimtar yaƙin da ake ba da labarinsa. Za mu fara da taƙaitaccen tarihi, sa'an nan mu dubi aikin da kuɗi suka yi, daga bisani mu dubi abin da suka hana.

2.0 Tarihin da Aka Gina Fim a Kansa

Italiya ta auka wa Libiya cikin 1911. Bayan da Musolini ya hau mulki cikin 1922, sai aka sake ɗaura ɗamarar murƙushe mutanen Barƙa, watau gabashin ƙasar. A ƙarshen wannan shekara shugaban Sanusiyya, Sayyid Idris, ya yi ƙaura zuwa Masar. Daga 1923 Umar Mukhtar, wani dattijon malami kuma shaihin zawiya, ya ja ragamar yaƙin sari-ka-noƙe a cikin duwatsun Jabal Akhdar.

Da abin ya gagari Italiya, sai cikin 1930 Gwamna Badoglio da mataimakinsa a Barƙa, Janar Graziani, suka yanke shawarar raba mayaƙa da jama'ar da ke ciyar da su. Aka kwashe mutum wajen 100,000 da dabbobinsu zuwa sansanonin gwale-gwale irin su Suluƙ da Magrun da Agaila, inda dubun dubata suka mutu da yunwa da cuta. Cikin Janairun 1931 aka ci Kufra. A wannan shekara kuma aka ja shingen waya mai ƙaya na kimanin kilomita 270 a kan iyakar Masar, daga bakin teku zuwa Jagbub, domin toshe hanyar abinci da harsashi. An kama Umar Mukhtar ran 11 ga Satumba, 1931, aka rataye shi a Suluƙ ran 16 ga wata, a gaban taron mutum wajen 20,000 da aka tilasta wa kallo.

3.0 Aikin da Kuɗi Suka Yi

Akkad ya riga ya gwada hannunsa a babban aiki da fim ɗin "The Message" na 1976, saboda haka ya san inda ake samun gwanaye. Ya sake ɗauko Anthony Quinn, wanda ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a wancan fim, ya ba shi matsayin Umar Mukhtar. Oliver Reed ya fito a Graziani, Rod Steiger a Musolini, John Gielgud a Sharif al-Garyani, Irene Papas kuwa a wata uwa mai suna Mabruka. H.A.L. Craig ya rubuta labari. Ɗaukar hoto aka damƙa wa Jack Hildyard, wanda ya ɗauki "The Bridge on the River Kwai", kiɗa kuma aka bai wa Maurice Jarre, mai kiɗan "Lawrence of Arabia".

A wancan lokaci babu kwamfutar da za ta ninka mutum goma su koma dubu. Kowane doki da aka gani doki ne, kowace tankar yaƙi da mota mai sulke sai da aka tanade ta a kan fasalin na Italiya, haka nan kayan sarki da bindigogi. Daɗin daɗawa, an ɗauki yawancin fim ɗin a ƙasar da abin ya auku, da dubban 'yan ƙasar a matsayin 'yan rakiyar wasa. Amfanin wannan ya fito fili a wuraren gumurzu. Mai kallo yana ganin faɗin fili da bambancin ƙarfi da idonsa: ga mahayi da tsohuwar bindiga, ga igwa da jirgin sama. Inda mayaƙa suka ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu, tankoki kuma suka bi ta kansu, babu bukatar kowa ya yi jawabi a kan sadaukarwa.

A ganinmu wurin da fim ɗin ya fi nauyi shi ne sansanonin gwale-gwale. A nan Akkad ya sarƙa tsofaffin hotunan majigi marasa launi da aka ɗauka a zamanin abin cikin nasa masu launi. Watau ya mai da abin da mai mulkin mallaka ya ɗauka domin alfahari ya zama shaida a kansa. Wannan dabara ta sa mai kallo ba ya iya cewa ai wasa ne kurum.

Bugu da ƙari, ya kamata a yaba wa fim ɗin da bai mai da kowane Ba'italiye dodo ba. Akwai Kanar Diodiece mai ganin girman abokin gabansa, akwai kuma Kyaftin Lontano, lauyan da ya kare Umar a kotun soja da zuciya ɗaya. Shi kansa Quinn ya danne zafin da aka san shi da shi, ya fito da tsoho mai taushin murya da tabarau, wanda aka fara gani yana karantar da yara, aka kuma ga ya hana a kashe fursunan yaƙi domin kada a yi koyi da halin azzalumi.

4.0 Abin da Kuɗi Suka Hana

Duk da wannan yabo, akwai tambayar da fim mai tsawon kusan awa uku bai amsa ba: ta yaya 'yan mayaƙa ƙalilan suka jure wa babbar daula shekara da shekaru? Wa ya ciyar da su? Wa ya haɗa kan kabilun da suka saba faɗa da juna? Amsar da tarihi ya bayar, kamar yadda Evans-Pritchard ya bayyana cikin littafinsa na 1949 a kan Sanusawan Barƙa, ita ce Sanusiyya. Zawiyoyinta su ne makarantu da masaukai da wuraren sasanta rigima, da sunanta ake tara zakka domin rundunoni, Umar kuwa wakilin Sayyid Idris ne, da sunansa yake yaƙi. Su kansu Italiyawa sun san haka, shi ya sa cikin 1930 suka rufe zawiyoyin, suka ƙwace dukiyarsu, suka kama shaihunansu.

Amma da wuya mai kallon fim ɗin ya tashi da sanin cewa akwai wata ɗariƙa a bayan wannan yaƙi. Dalili kuwa a bayyane yake. Sayyid Idris ɗin nan shi ne ya zama Sarkin Libiya cikin 1951, shi ne kuma Gaddafi ya hamɓarar cikin 1969. Gwamnatin da ta biya kuɗin fim tana son Umar Mukhtar, har ta sa hotonsa a takardar dinari goma, amma ba ta son gidan da ya fito. Sai aka ciro shi daga ɗariƙarsa, aka bar shi malamin ƙauye mai kishin ƙasa, irin wanda juyin 1969 zai iya cewa ya gada.

Wannan giɓi ya taɓa ginin labarin kansa. Da yake an cire tsarin da ya riƙe yaƙin, sai komai ya koma karon mutum biyu, tsoho mai haƙuri da janar mai girman kai. Don a daidaita wannan karo har an gyara tarihi: fim ya nuna Musolini yana naɗa Graziani gwamna cikin 1929, alhali Badoglio ne gwamna, Graziani kuwa cikin 1930 ya iso Barƙa a matsayin mataimaki. Ta haka laifin da ke wuyan daula da manufarta ya taru a kan mutum ɗaya mai muguwar fuska.

Mu a nan muna da dalilin damuwa da wannan shiru. Kafin yaƙin Italiya, Umar Mukhtar ya zauna a zawiyar Ain Galakka ta arewacin Cadi, a zamanin da Sanusawa ke fafatawa da Faransa. Ɗariƙar ta bi hanyoyin fatauci har ta sami mabiya a Damagaram da Kano, Kawsen kuma, wanda ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, Basanuse ne. Ashe zaren da ya haɗa labarin Umar da tarihin ƙasashenmu shi ne aka tsinke.

5.0 Makomar Fim ɗin

A kasuwa fim ɗin bai mai da ko kusa da kuɗinsa ba, amma mai biyan kuɗin ba riba yake nema ba. A Italiya an hana nuna shi cikin 1982 bisa cewa yana zubar da mutuncin soja, ba a kuwa sa shi a talabijin ɗin ƙasar ba sai cikin Yunin 2009, lokacin da Gaddafi ya sauka a birnin Rum da hoton Umar cikin sarƙa manne a ƙirjinsa. Wannan ya biyo bayan yarjejeniyar Bangazi ta 2008, inda Italiya ta yi alkawarin dala biliyan 5 domin ɓarnar mulkin mallaka. Akkad bai ga wannan ba, domin ya rasu cikin Nuwamban 2005 sakamakon harin bom a wani otal a Amman. Cikin 2011 kuma, waɗanda suka yi wa Gaddafi bore sun ɗaga hoton Umar Mukhtar ɗin nan tare da tutar zamanin Sarki Idris, suka sake haɗa abin da fim ya raba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa "Lion of the Desert" aiki ne mai daraja wanda ya kai labarin sansanonin Barƙa ga miliyoyin da ba su taɓa jin sa ba. Mun kuma ga cewa mai biyan kuɗi bai bukaci a yi masa ƙarya mai yawa ba, shiru a wuri ɗaya ya ishe shi. Saboda haka muna ba da shawara ga malaman da ke nuna wa ɗalibai wannan fim su haɗa shi da karatun tarihin Sanusiyya. Kazalika duk ranar da aka tashi mai da Tabkin Kwatto na 1804, ko Burmi ta 1903, ko Satiru ta 1906 fim, aikin ba zai yiwu ba sai da hannun gwamnati ko masarauta ko attajiri. Wajibi ne manazarta su tambayi wanda ya biya, su kuma bincika sunan wa aka bari a baya.