Rufin majami'ar Sant'Ignazio ta Roma: wa ke magana, kuma daga ina?

Majami'ar Sant'Ignazio, wadda ƴan ƙungiyar Jezuwit suka soma ginawa a Roma a 1626, tana cikin manyan misalan salon barok. Abin da wannan ɗan nazari zai duba shi ne zanen rufinta, aikin Andrea Pozzo (1691-1694). Za mu ɗauke shi a matsayin zance, wato mu nemi wurin furuci da masu furucin.

Da farko, wuri. A tsakiyar daɓen majami'ar akwai faifan marmara. Wanda ya tsaya kansa ya ɗaga kai zai ga ginshiƙai sun miƙe har sama ta buɗe. In ya gusa gefe, sai ginshiƙan su karkace kamar za su rufto. Haka ma kubbar da Pozzo ya zana bisa shimfiɗaɗɗen ƙyalle a 1685. Ke nan zanen yana aiki irin na kalmomin nuni, « nan » da « can », waɗanda ba a gane abin da suke nufi sai an san inda mai magana yake. Sai dai a hira kowa da nasa « nan », alhali Pozzo ɗaya tak ya kafa wa kowa.

Na biyu, masu furuci. Haske na fitowa daga Almasihu zuwa ga Ignas na Loyola, daga nan ya bazu zuwa nahiyoyi huɗu da aka siffanta da mata. Dukansu karɓa suke yi, amma ba a yi musu rabo ɗaya ba: Turai na bisa doki da kambi da sandar mulki, Afirka kuwa na bisa kada, riƙe da hauren giwa, wato dabba da hajar fatauci. Benveniste (1966) ya nuna cewa « ni » da « ke » suna musayar matsayi cikin zance, amma « ita » tana waje, abin da ya kira « non-personne ». A rufin nan Afirka « ita » ce: ana maganarta, ba a jiran amsarta.

Gwanintar Pozzo ba abin musu ba ce, kuma ta dace da matsayin taron Trente (1563) cewa hoto yana karantar da masu bi. Amma mai nazari, bayan ya tsaya bisa faifan, wajibi ne ya sauka daga kansa, domin daga gefe ne ake ganin yadda aka ƙulla zancen.