Laccar Ranar Lahadi da Rancen Ɗangote

Edita ya tare ni a bakin masallaci ya ce in rubuta abin da na gani a laccar kasuwanci da ƙungiyar matasanmu na Sabo ta shirya ranar Lahadin da ta wuce. Na so in zille, don ni aka sa na buɗe taron da addu'a, na kuma sha lemon da aka raba. To amma na riga na ce masa to, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zan fara da yabo, don akwai abin yabawa. Yaran nan sun tara kuɗi daga aljihunsu, sun kama ɗakin taro, sun ɗauko mai lacca tun daga Ikko, an kawo majigi ana haska hotuna a bango. Wurin ya cika har waje. Mai laccar yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana na fari, ya durƙusa ya gaida dattawa kafin ya hau. Ya faɗi abubuwa biyu da na so a ce an rubuta su a ƙofar kowace rumfa: ɗan kasuwa ya raba uwar kuɗi da riba, kada ya ci abinci daga jarinsa, kuma ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Wannan gaskiya ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu har gobe a ka muke riƙe lissafi, sai mutum ya rasu a bar magada da rigima. Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

Inda muka rabu da shi shi ne labarin manyan attajirai, wanda shi ya cinye kusan duk lokacin. Ya haska hoton Alhaji Aliko Ɗangote, ya ce mutumin nan da rancen dala 3,000 kacal ya fara a 1977, ga shi yau ya fi kowa kuɗi a Afirka. Sai ya juyo ya tambayi yara, wai wa ya hana ku? Aka yi tafi. Ni kam ban tafa ba, ina lissafi.

Adadin da aka fi ambata a labarin rancen da kawunsa ya ba shi naira 500,000 ne. A 1977 kuwa dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 65 ce. Ke nan kuɗin nan sun haura dala 700,000 a lokacin. In ka raba 500,000 da 3,000 za ka sami wajen 167, wato canjin da ake yi shekara talatin da wani abu bayan rancen. A nawa lissafin, wani ne ya ɗauki kuɗin 1977 ya canza su da farashin zamaninsa, kowa kuma ya yi ta kwafa har ya iso bangon ɗakin taronmu. Ku tambayi dattawan da suka yi ciniki a wancan zamani, sabuwar Fijo ba ta kai naira 10,000 ba. Wanda aka danƙa wa kuɗin motoci fiye da hamsin yana ɗan shekara 20, ai ba za a ce da hannu wofi ya fara ba.

Kuma wane gida ya fito? Mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, shi kuma ɗan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana ce masa attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Yaro ya tashi a gidan da ake maganar farashi a kan tabarmar cin abinci, ya yi karatu a Azhar ta Masar, ya dawo ya tarar da sunan da bankuna da kamfanoni suka sani tun kafin a haife shi. Kada wani ya ce liman yana hassada. Wallahi ba haka ba ne. Jikokin attajirai nawa muka gani sun cinye gado sun koma yawon maula? Mutumin ya yi aiki, ya yi haƙuri. Matatar man da ke Lekki tun 2013 ya fara maganarta, sai a watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da ita, mai iya tace ganga 650,000 a rana. Shekara goma mutum yana zuba kuɗi a fadama, wannan juriya ce. Abin da nake ƙi shi ne a yanke rabin labari a ba yaron da jarinsa bai wuce Keke Napep ɗaya ba, a ce masa ku ɗaya ne.

Mai laccar ya ce manyan nan ba sa tsoron kasada, kuma sun faɗi sun tashi. Haka ne. Masaƙun Ɗangote sun rufe. Kamfanin fulawarsa ya sayar a 2012, ya sake saye, ya kuma sayar a 2019. Masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016 ba ta jima ba ta tsaya don ƙarancin tumatir, shekarar da tsutsa ta cinye gonaki, kuma 'yan gwarinmu na nan ba su manta da wannan shekara ba. To amma a kan me ya faɗi? Wanda ke da siminti da sukari da gishiri, in tumatir ya ƙi, ko abincin darensa ba zai canza ba. Simintin ma, mai laccar bai gaya wa yara cewa tun 2002 gwamnatin Obasanjo ta ɗaure shigo da shi daga waje don ta kare masu gina masana'anta a gida ba. Mai faɗuwa a kan katifa da mai faɗuwa a kan kwalta duk faɗuwa suka yi, amma ba asibiti ɗaya za a kai su ba.

Da ya zo kan Alhassan Ɗantata sai ya haska zanen raƙuma, ya ba da labarin da kowa ya sani, cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Yara suka yi kabbara. Minti biyu ya wuce. Nan kuwa ya kamata a ce ya shimfiɗa tabarma, don wannan ne labarin da ya yi kama da namu. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, a gidan fatake Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta yi ƙaura zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yau, wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Basasar Kano ta rutsa da shi yana saurayi. Ya bi hanyar Gwanja yana fataucin goro, sana'ar da ni ma nake ci da ita. Da ya ga jirgin ruwa yana zirga-zirga tsakanin Ankara da Ikko, sai ya riƙa ɗora goronsa ta teku, lokacin da wasu ke nan suna bin ayarin jakuna wata da watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa, ya riga yana da yara da wakilai da amanar mutanen ƙauye, shi ya sa kamfanonin Turawa suka neme shi. Ranar raƙuman nan yana da shekara 52. Ina shekarun da ya yi yana kwana a zango a kan buzu? Su ne ba a haska a bango ba, don ba su da hoton da za a tafa wa.

Har sahabi Abdurrahman bin Aufu ya kawo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce ya zo Madina ba ko sisi, ya ƙi karɓar rabin dukiyar Sa'adu bin Rabi'i, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Labarin ingantacce ne. Sai dai a nan ma an tsallake wani abu, kuma wannan fagena ne. Abdurrahman gogaggen ɗan kasuwa ne tun daga Makka, ya zo da sana'arsa a kansa, ya kuma sami ɗan uwan da ya karɓe shi. Abin da ya fara dawowa da shi daga kasuwa kuwa ɗan cuku ne da man shanu. Ribar da yaranmu na yau za su raina ke nan.

Bari in ba da nawa, tunda kowa a unguwar nan ya san shi. Shekara 18 da suka wuce na loda goro a mota zuwa Arewa, rabi da kuɗina, rabi bashi daga matan Yarbawa da muke saye a hannunsu. Mota ta lalace bayan Jebba, ta kwana huɗu a rana. Da aka kwance huhu, ganyen fita ya bushe, goro ya yi zafi ya baƙe, ko rabin kuɗin mota bai mayar ba. Na karye ƙarƙaf. Ba ƙarfin zuciyata ne ya tashe ni ba, don sati biyu na yi ban iya fita ko sallar jam'i ba saboda kunya. Maigidana ne, Allah Ya jiƙansa, ya sa hularsa ya bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce bashin yana wuyansa. Sannan ya ba ni jari a kan ƙiradi, irin wanda muka karanta a Risala: riba mu raba, in hasara ta zo ba da sakacina ba, shi ya rasa kuɗinsa ni na rasa wahalata. Shekara uku na yi ina biya. Tun da aka kafa Sabo a 1916 a kan wannan tsari cinikin goro da na shanu ya tsaya: baƙo ya sauka gidan maigida, maigida ya tsaya masa, dillali ya ci la'adarsa, kowa ya san wanda zai riƙe in abu ya ɓaci. Awa biyu ana lacca a tsakiyar Sabo, ba a ambaci kalmar maigida ko sau ɗaya ba.

Haka kuma ba a ambaci irin kasadar da ke kanmu mu mazauna Kurmi ba. Waɗanda aka ƙone wa rumfuna a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, wace dabara ce suka kasa yi? Wanda kuɗin motarsa ya ninka bayan an cire tallafin mai a 2023 fa? Shi ya sa maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce da ya ce, rabi da Turanci, wai talauci a tunani yake. A bayan ɗakin akwai 'yan dako da masu tura ruwa da masu gyaran takalmi, mutanen da ke tashi kafin in kira assalatu, suna tura kuɗi gida Sakkwato da Katsina duk wata, wasunsu suna ciyar da mutum goma. Na ga ɗaya ya sunkuyar da kai. Bai kamata a gayyato mutum taro a gaya masa haka ba.

Ga abin da ya sa na ce lallai sai na rubuta. Daren Lahadin, bayan isha'i, wani yaro maraya da na yi wa huɗubar suna da bakina ya tsaya har kowa ya watse. Ya ce, "Baba Liman, addu'a nake so. Zan sayar da kekena in haɗa da adashin Inna, in zuba a wata manhaja ta waya, wata uku kuɗin zai ninka." Na ce, "Ɗana, me suke saya, me suke sayarwa?" Ya ce bai sani ba, amma ai an ce wanda bai yi kasada ba ba zai yi arziki ba. Na ce wannan shi ne garari da malamai suka hana, ka ba da kuɗinka a kan abin da ba ka san ko mene ne ba. Na tuna masa MMM da ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, lokacin yana firamare. Na tambaye shi, in kuɗin ya tafi wa zai sa hula ya je ya ba Innarka haƙuri? Ya yi shiru.

Ban ce mai lacca ne ya aike shi ba, bai ambaci wata manhaja ba. Amma shi ya hura wutar, ya hau mota ya koma Ikko, mu aka bari da yaran.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya, in za a sake, a ba baƙo rabin lokaci, rabin kuma a zaunar da dattawa biyu ko uku daga cikin masu goro da masu shanu da 'yan canji, waɗanda suka taɓa karyewa, su faɗi nawa suka rasa, wa ya tsaya musu, shekara nawa suka yi suna biya. A yi da Hausa. A kuma ware wa mata wuri, don adashinsu ne jarin farko na rabin samarin unguwar nan, amma ranar Lahadi ko kujera ɗaya ba a ajiye musu ba.

Shi kuwa yaron, na ce ya bar keken a hannunsa, ya riƙa zuwa rumfata da hantsi ya koyi zaɓen goro, ya san goriya da marsa da minu, ya iya gane mai sankara tun kafin a fasa. Ya zo Litinin, ya zo Talata. Yau Laraba, ina rubutun nan azahar ta kusa, ban gan shi ba tukuna. In an idar da salla zan leƙa gidansu.