Muryar da Ba Ta Tona Amsa

A ɗakin jarrabawar ɗalibai masu larurar gani, wanda ya fi burge ni shi ne mai karanta tambayoyi. Daga nesa sai ka ce aikin kowa ne, har sai ka zauna kusa da gwani. Zai karanto tambaya, ya bi zaɓin amsoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Ya san amsar sarai, amma ko a numfashinsa ba za ka ji ba. In ya ɗan ja murya a kan ta uku, ya yi satar amsa; in ya yi gaggawa, ya cuci yaro. Lissafi kuwa, nan ake sanin na ƙwarai. Sai ya faɗi inda baka ta buɗe da inda ta rufe, wace lamba ce a sama, wace ce a ƙasa, domin abin da mai ido ke ɗauka da kallo ɗaya, shi ɗalibin da kunne yake harhaɗa shi.

Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, kuma Kano na cikin cibiyoyin jarrabawar.

To, bayan an samu gurbi fa? Nan aikin jami'in tallafi yake farawa, kuma nagari da tambaya yake buɗe baki: "Da me ka saba karatu?" Wanda ya koyi rubutun birel tun yana ƙarami a makarantar makafi ta Gindiri, yatsunsa sun san ɗigo shidan nan, injin buga birel na Perkins kawai yake nema. Wanda ya rasa ganinsa da girma kuwa, ya fi sabawa da manhaja irin NVDA, mai karanto masa abin da ke kan kwamfuta. Sai dai manhajar ba ta cika karanta hoton shafi da aka ɗauka da waya daidai ba, alhali haka takardun darasi da yawa ke yawo. Shi ya sa za ka ga jami'in yana bin malamai ofis-ofis tun kafin zango ya kankama, yana roƙon ainihin rubutun. Wanda bai samu ba, ya zauna ya sake buga shi, ya gyara harafi bayan harafi. In ya ci karo da zane, ya fitar da layukansa su yi tudu a takarda mai kauri, sannan ya rufe idonsa ya shafa da yatsa kafin ya miƙa.